Borin Jini a Bakin Hausawan Ikko: Sunan Cuta da Aikin Histamin a Cikin Fata

1.0 Gabatarwa

Akwai wata cutar fata da Hausawa ke kira borin jini. Alamarta ita ce jiki ya ɗauki ƙaiƙayi farat ɗaya, fata ta yi rudu-rudu kamar wanda aka zane da tsumagiya, bayan 'yan sa'o'i ta kwanta ba tare da barin tabo ba, sannan ta sake ɓulla a wani sashe na jiki. A Turancin likitoci sunanta urticaria, daga kalmar Latin urtica, wato wata ciyawar ƙasashen Turai mai sa ƙaiƙayi da zafi idan ta taɓa fata. Kusan mutum 1 cikin 5 yakan gamu da ita ko da sau ɗaya a rayuwarsa, kuma yawanci cikin kwanaki kaɗan take wucewa. Amma akwai wadda ke zarce mako 6 tana zuwa tana komawa, wani lokaci har shekaru. Wannan tana damun kimanin mutum 1 cikin 100, kuma mata sun ninka maza a cikinta.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke faruwa a ƙarƙashin fatar mai irin wannan borin jini da ya daɗe, tare da auna kalmomin da Hausa ke da su na yin wannan bayani. Za a ga cewa tsohon sunan ya fi kusa da gaskiyar al'amarin fiye da wasu sababbin kalmomin da aka ƙirƙira, duk da cewa shi ma yana da inda yake ɓatar da mai jin sa.

2.0 Hausawan Agege da Harshen Asibiti

Fataucin goro da na shanu ne ya zaunar da Hausawa a Agege, musamman bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Har yanzu akwai Zango da Sarkin Hausawa a can, akwai mahauta da 'yan tike a mayankar Oko-Oba, kamar yadda ake da Hausawa a Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mile 12. Mai borin jini daga cikinsu, in abin ya fi ƙarfin kyamis, yakan nufi Babban Asibitin Orile-Agege, ko asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, ko na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. A waɗannan wurare harshen aiki Turanci ne da Yarbanci da Turancin buroka. Matan aure da tsofaffi da sababbin zuwa daga Arewa da Nijar sukan je da tafinta, wanda sau da yawa ɗa ne ko ƙane ko maƙwabci.

Wannan cuta kuwa ta bambanta da yawancin cututtuka ta wata fuska mai muhimmanci ga masanin harshe: da baki ake gane ta. Ba kasafai gwajin jini ke nuna ta ba, kuma sau da yawa kafin layi ya iso kan majinyaci fatar ta riga ta kwanta. Abin da likita zai dogara da shi shi ne labarin da aka ba shi, ta bakin tafinta. Ke nan duk kalmar da ta karkace a hanya, magani ne ya karkace.

3.0 Ƙirar Sunan

Borin jini harɗaɗɗen suna ne mai ƙirar suna da mahaɗi da suna, irin su hawan jini da tarin fuka da ciwon kai. Kalmar farko, bori, ita ce dai ta al'adar nan ta hawan iskoki. A wurin wasan bori mai goge ko mai garaya yana kaɗa taken wani iska, wanda iskan ke kansa ya ji, ya hau, ya yi abin da zai yi, ya sauka, ya koma mutum kamar kowa. Siffofi uku na wannan al'ada Bahaushe ya aro ya ɗora wa cutar: zuwa ba sallama, da fita hayyaci na ɗan lokaci, da sauka ba tare da wata alama ta saura ba. Irin wannan aro ne ya haifar da borin kunya, inda mutum ke tayar da rigimar da ba ta da tushe a waje, daga cikinsa ta fito.

Yana da kyau a lura da kusancin bori da bore, wato tawaye. Wasalin ƙarshe ne kaɗai ya raba su a rubutu, kuma duk wadda aka ɗauka, ra'ayin da ke cikin sunan ɗaya ne: jiki ne ya tayar wa kansa hankali. Sauran sunayen cututtukan fata ba su ɗauke da wannan ra'ayi. Ƙazuwa da makero da ƙyasbi abubuwa ne da ake cewa sun kama mutum, ana kuma gudun ɗaukarsu. Borin jini kuwa tashi yake yi:

(1) Ƙazuwa ta kama yaron.
(2) Borin jininta ya tashi.

Aikatau tashi da mallakin da ke jimla ta (2) suna nuna abu ne da ke kwance a jikin mai shi tun farko. A nan nahawu ya dace da likitanci, domin ba a ɗaukar borin jini daga wani.

4.0 Abin da ke Faruwa a Cikin Fata

4.1 Ƙwayar Zabira

A 1878 wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Ehrlich, ya bayyana wasu ƙwayoyin halitta da ya gani a kusa da ƙananan hanyoyin jini, cike maƙil da ƙananan ƙunshe-ƙunshe. Ya zaci abinci ne suka tara, sai ya kira su Mastzellen, daga kalmar Jamusanci Mast mai nufin turka dabba don ta yi ƙiba. Zaton bai zama daidai ba, amma sunan ya zauna, Turanci ya are shi yadda yake. Mai fassarar da ya buɗe ƙamus zai iske mast na nufin turken jirgin ruwa ko dogon ƙarfen sadarwa, babu kuwa ɗaya da ya shafi wannan ƙwaya. Wanda ya bi asalin Jamusancin ya ce ƙwayar turka, ya gaji kuskuren Ehrlich. Saboda haka ake ba da shawarar ƙwayar zabira. Zabirar wanzami jaka ce mai aljihuna da yawa, kowanne da abin da aka adana a ciki tun kafin buƙata ta taso, kuma haka wannan ƙwaya take. Ba ta yawo a cikin jini. Zaune take a fata da hanci da huhu da hanji, wato duk inda jiki ke iyaka da waje, kuma asalin aikinta kariya ne daga tsutsotsi da dafi da makamantansu.

Kalmar ƙwaya ita kanta tana da nauyi a kanta: ƙwayar hatsi, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, har da ƙwayar da ake sha don maye. Tafintan da ya ce wa majinyaciya "Hajiya, likita ya ce wata ƙwaya ce a fatarki," ya riga ya sa ta fahimci ƙwayar cuta ce, gobe kuma za ta nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wajibi ne a riƙa cika ta: ƙwayar halitta, ta jikin mutum ce ba baƙuwa ba.

4.2 Yadda Saƙo ke Shiga

Ƙwayar zabira ba ta zazzage abin da ke cikinta sai ta sami saƙo. A bayanta akwai dubban makarɓai, wato wuraren da saƙo ke sauka. Mafi shahara shi ne wanda ake kira FcεRI, wanda aikinsa riƙe wani furotin na kariya mai suna IgE. Kimishige da Teruko Ishizaka a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, su ne suka gano IgE tsakanin 1966 da 1967, aka tabbatar masa da wannan suna a 1968. Shi da 'yan'uwansa furotin ne masu siffar gwafa: gindi ɗaya da ke kafewa a makarɓi, da rassa biyu masu kama abin da aka ƙera su dominsa. Kiran su gwafar kariya ya fi kiran su ƙwayoyin garkuwa, domin su ba ƙwayoyin halitta ba ne.

Gwafa ɗaya a zaune bisa makarɓinta ba ta tayar da komai. Sai wani abu ya kama gwafa biyu ko fiye ya jawo makarɓansu wuri ɗaya. Wannan haɗuwa ita ce taken da ƙwayar ke jira. Daga nan saƙo ya faɗa ciki, wani furotin mai suna Lyn ya tayar da Syk, shi kuma ya tayar da wasu, cikinsu har da BTK, kowanne yana miƙa wa na gabansa kamar yadda leburori ke miƙa bulo. Ƙarshen jerin shi ne buɗe ma'ajiyar kalsiyam ta cikin ƙwayar, da buɗe ƙofofin da kalsiyam na waje zai kwararo. Yawan kalsiyam ɗin ne ke tura ƙunshe-ƙunshen su manne da bangon ƙwayar su fashe waje. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci. Bayan haka ƙwayar takan ƙera wasu sinadaran a nan take, wasu kuma bayan sa'o'i, waɗanda ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Ita kuwa ba ta mutuwa. Takan sake cika aljihunanta ta jira wani taken, shi ya sa abin ke maimaituwa.

A 2015 aka fito da muhimmancin wani makarɓin daban, MRGPRX2, wanda wasu magunguna da sinadaran da jijiyoyi ke saki ke iya taɓawa kai tsaye ba tare da gwafa ba. Ke nan ƙwayar tana da kunne fiye da ɗaya.

4.3 Histamin da Matsalar Kalmar Jijiya

Babban abin da ke cikin aljihunan shi ne histamin. Windaus da Vogt sun haɗa shi a ɗakin gwaji a 1907, Henry Dale da Patrick Laidlaw suka bayyana aikinsa a jiki a 1910, amma sai a 1953 Riley da West, a birnin Dandi na Sikotland, suka nuna cewa ƙwayar zabira ce ma'ajiyarsa. Kafin nan, a 1927, Thomas Lewis ya riga ya tsara abubuwa uku da ke biyo baya idan aka karce fata: hanyoyin jini su buɗe, kewayen wurin ya yi ja, sannan tsakiya ta kumbura.

Histamin na sauka a makarɓin da ake kira H1, a wurare biyu. A bangon ƙananan hanyoyin jini yana sa su faɗaɗa, ƙwayoyin da suka yi bangon su ɗan ja da baya, ruwan jini ya tsatso ya taru a fata. Wannan ne rudu-rudun, kuma da yake ruwa ne ba ƙurji ba, jiki na tsotse shi cikin ƙasa da sa'a 24. A kan zaren ji kuma yana tayar da saƙon da ƙwaƙwalwa ke fassarawa ƙaiƙayi. Hausa na kiran hanyar jini jijiya, zaren ji jijiya, har da agara jijiya. A zancen yau da kullum wannan ba ya hana fahimta, amma a nan abubuwa biyu ne daban da suke aiki lokaci ɗaya, don haka ba makawa a ce jijiyar jini da jijiyar ji.

Akwai kuma batun launi. Littattafan da aka rubuta kan farar fata suna cewa wurin ja yake yi. A baƙar fata sau da yawa ba a ganin jan, sai tudun kawai, mai launin fatar ko ya ɗan fi ta haske ko duhu. Idan likita ya tambaya ko wurin yana yin ja, tafinta ya juya, majinyaci ya ce a'a, amsar gaskiya ce amma tana iya kau da hankali daga cutar. Rudu-rudu ta fi ja amfani nesa ba kusa ba. Haka nan ba kowane ƙaiƙayi ne na histamin ba. Na ƙarara, alal misali, wani furotin ne da ke jikin gashinta ke taɓa jijiyar ji ta wata ƙofar daban, shi ya sa maganin da ke tare histamin bai cika yi masa komai ba.

5.0 Inda Jini ya Shigo

A borin jini na ɗan lokaci, abin da ke haɗa gwafa biyu yakan zo daga waje: gyaɗa, ko jatan lande, ko allurar fenisilin, ko harbin zuma. Wani lokaci kuma mura ce ko wani zazzaɓi ya tayar da shi. A wanda ya daɗe kuwa, da wuya a sami abinci da laifi. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai.

A 1986 Clive Grattan da abokan aikinsa a Ingila suka ɗebi jinin masu cutar, suka tace ruwansa, suka yi wa kowa allurar nasa a fata. A wasu daga cikinsu wurin ya tashi nan take. Wato akwai wani abu a jinin mutum da ke tayar da fatarsa. A 1993 Michihiro Hide da Malcolm Greaves da sauransu a Landan suka nuna ko mene ne: wata gwafa ce irin ta IgG da jiki ya ƙera bisa kuskure, wadda ke kama makarɓin FcεRI kansa ta haɗa biyu wuri ɗaya. Daga baya aka gano hanya ta biyu, inda IgE ɗin mutum ke kama wasu furotin na jikinsa kamar baƙi ne, cikinsu har da na halittar nan ta wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Wannan na cikin dalilan da ke sa likita ya nemi gwajin wannan halitta ga mai borin jini, abin da kan ba majinyaci mamaki.

A nan ne ya kamata a auna tsohon suna da sabo. Garkuwar jiki ta zauna daram a Hausa tun zamanin wayar da kai kan ƙanjamau, har aikin keɓaɓɓun kalmomin da Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta ya fito da karya-garkuwa a 2017 a matsayin sunan ƙwayar da ke haddasa ta. Kalma ce mai kyau a inda aka yi ta, amma garkuwa abu ne da ko dai ya tare ko ya huje. Ba ta juyowa ta doki mai riƙe da ita. Wanda aka ce masa matsalar garkuwar jiki ce zai fahimci rauni ta yi, zai nemi abin ƙara mata ƙarfi, a Ikko ma yana iya tsorata ya zaci ƙanjamau ake kewaye masa. Alhali a borin jini ƙarfin ne ya yi yawa, ya kuma sauka inda bai dace ba. Bori da bore duk sun ɗauki wannan ma'ana ba tare da ƙarin bayani ba.

Inda sunan ya gaza shi ne kalmarsa ta biyu. Mai kaɗa taken yana cikin jini, amma mai hawan yana cikin fata. Sannan jini a Hausa na jan tunani zuwa datti da wanki. Daga borin jini zuwa dattin jini taki ɗaya ne, daga nan kuma sai jiƙo da tsimi da maganin wankin ciki, ko ƙaho a wurin wanzami. Gwafar da ke jawo abin ba datti ba ce, jiki ne ke ƙera ta kullum, kuma tsagar aska kanta na iya tayar da fatar wasu.

6.0 Abin da Tafinta zai Tambaya

Magani na farko shi ne wanda ke zama a makarɓin H1 ya hana histamin aiki. Daniel Bovet da Anne-Marie Staub ne suka buɗe wannan hanya a Faris a 1937. Tsofaffin irinsa, kamar Piriton da kowane kyamis ke sayarwa, suna shiga ƙwaƙwalwa su sa barci, abin da ke da hatsari ga direba da ɗan acaɓa da mahaucin da ke riƙe da wuƙa tun asuba. Sababbi irin setirizin da loratadin ba su cika yin haka ba, kuma ƙa'idar likitocin duniya ta yarda likita ya ninka su har sau 4 in buƙata ta kama. Kullum ake shan su, ba sai abin ya tashi ba, domin ba sa mayar da ruwan da ya riga ya tsatso. Wannan bambanci na maganin tarewa da maganin warkewa shi ne mafi yawan abin da ke faɗuwa a bakin tafinta. Wanda ya sha na kwana uku ya daina, ya ga abin ya dawo, zai ce maganin bai karɓe shi ba, ya koma ga firedinisolon ko dezametazon, waɗanda ke kwantar da fata nan da nan, amma in aka daɗe a kansu su kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi da kumburin fuska. Dezametazon ɗin nan yana cikin magungunan da ake kira sha-ka-fashe.

Ga wanda ninkin bai ishe shi ba akwai allurar omalizumab, wadda ke kame IgE kafin ya hau makarɓi, aka kuma amince da ita don wannan cuta a Turai da Amurka a 2014. A 2025 Amurka ta amince da ƙwayar remibrutinib, mai tsayar da BTK a tsakiyar jerin masu miƙa saƙo. Tsadarsu ta sa sun yi wa mai dako a Mile 12 nisa, don haka abin da ya rage masa shi ne a yi amfani da mai arhar yadda ya kamata, a kuma gane abin da ke zuga cutar. Asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha don ciwon jiki, suna ƙara ta ga kusan kashi 1 cikin 4 na masu ita. Wasu zufa da zafin Ikko ne ke tayar musu, wasu matsin gammo ko igiyar kaya a kafaɗa, sa'o'i bayan an sauke kayan. Tsutsar ciki ma abin dubawa ce a ƙasashe irin Nijeriya. Babu ɗayan waɗannan da zai fito in tambayar da aka yi ita ce "Me ka ci?" kaɗai.

Kalmar da ta fi kowace buƙatar a tsaya a kanta ita ce kumburi. Kimanin kashi 40 cikin 100 na masu borin jinin da ya daɗe sukan sami kumburin leɓe ko fatar ido ko hannu, domin ruwan ya taru a can ƙasan fata, kuma yakan kai kwana 3 kafin ya saɓe. Amma akwai wani kumburin leɓe da harshe da ba ya zuwa da rudu-rudu ko ƙaiƙayi, wanda magungunan hawan jini irin lisinofiril ke jawowa. Wannan ba na histamin ba ne, wani sinadari ne daban mai suna biradikinin, ya fi yawa ga baƙar fata, maganin borin jini ba ya taɓa shi, kuma yana iya toshe numfashi. A Hausa duka biyun kumburi ne, kuma dattijon da aka kawo da kumburarren leɓe 'ya'yansa za su ce borin jini ne. Tambayoyin da za su raba su gajeru ne: "Baba, jikin yana ƙaiƙayi? Ya yi rudu-rudu? Kuna shan maganin hawan jini? Muryarku ta canza, ko haɗiyar yawu na yi muku wuya?" In amsar ta ƙarshe i ce, ba a jiran layi, sashen gaggawa ake nufa.